Shekarar da aka yi ta ba yaranmu maganin cutar da ba ita ke damun su ba

Kamar yadda muka saba, ga shirin wannan makon a rubuce, saboda 'yan'uwanmu da sabis ko tsadar data ke hana su saukar da murya. Wanda ya iya karatu don Allah ya karanta wa na kusa da shi, musamman iyayenmu mata.

Ranar 17 ga Satumba ta kowace shekara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe ta don tunawa da kare majinyaci daga cutarwa. A 2019 ƙasashen duniya suka amince da ranar. Abin da ake nufi shi ne cutarwar da mutum ke gamuwa da ita a wurin da ya je neman sauƙi: a ba shi maganin da ba nasa ba, a yi masa allura da ƙazamin sirinji, a ƙara masa jinin da ba a gwada ba, ko a yi ta yi masa maganin wata cuta alhali wata ce daban ke cin sa. Hukumar ta ce kusan majinyaci ɗaya cikin goma yana gamuwa da irin wannan, kuma fiye da rabinsa abu ne da za a iya kauce masa.

To ni yau ba Turai zan kai ku ba. A nan gida zan tsaya, tsakanin Anka da Bukkuyum, a shekarar 2010. Kowa ya san labarin gubar dalma. Amma galibi ana ba da shi ne a matsayin labarin zinare da kwaɗayi. Ni ina so mu kalle shi ta ƙofar asibiti, mu ga abin da ya faru da yaro tun daga ranar da uwarsa ta goya shi ta fita neman magani.

A lokacin ina ɗan ƙaramar sakandare a Gummi. Abin da nake iya tunawa shi ne hirar manya ranar kasuwa, ana cewa wata cuta ta shiga ƙauyukan Bukkuyum tana ɗaukar yara. Wani ya ce sanƙarau ne, wani ya ce iska ce, wani ya ce a dai yi ta addu'a. Ban taɓa jin wani ya ambaci dutse ba.

Ga yadda abin ya faro. Haƙar zinare ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu, an daɗe ana yi. Abin da ya canja shi ne farashi. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, zinare ya yi ta hawa har awo ɗaya na oza ya haura dala 1,000 a 2009. Manomin da gero da dawa ba sa kai shi ƙarshen shekara ya ga hanya ta buɗe. Sai aka shiga ɗauko duwatsu daga ramuka a buhuna ana kawowa cikin gari. Maza su farfasa da guduma, a kai injin niƙa irin wanda ake niƙa hatsi da shi, mata kuma su daka a turmi a tsakar gida. A wasu gidajen turmin da aka daka dutse da safe shi za a daka fura da rana. A shanya garin dutsen a tsakar gida, a wanke shi kusa da rijiya.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, dutsen da aka faɗa wa a wannan karon cike yake da dalma. Ƙurarsa ta zauna a ƙasa, a tabarma, a ƙwarya, a hatsin da aka shanya. Babba ya fi jurewa. Yaron da ke rarrafe kuwa, hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma hanjinsa ya fi na babba zuƙar dalma nesa ba kusa ba. Daga jini sai ƙwaƙwalwa.

Akwai alamar da ta riga ta bayyana. Mutanen ƙauyukan sun gaya wa masu bincike daga baya cewa tun farkon shekarar agwagi suka fara mutuwa suna ɓacewa. Ba wanda ya haɗa mutuwar agwagwa da ciwon yaro. Wa zai haɗa?

Sai yara suka fara. Amai, ciwon ciki, kasala, daga nan sai jijjiga, yaro ya sanƙare, ya suma, wani ba ya farfaɗowa. Yanzu ku sa kanku a matsayin ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye a watan Maris, tsakiyar zafi, lokacin sanƙarau. An kawo maka yaro yana jijjiga. Me za ka ce? Ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau. Haka aka koya maka, kuma sau tara cikin goma ka yi daidai. Sai ka yi allura, ka sa ruwa. Yaro ya rasu. Gobe a kawo wani daga gida ɗaya, ka maimaita. Shi ma ya rasu.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda gidajen rediyo ke kira likitoci na gari na kowa, suka ji labarin yawan mace-macen, a lokacin suna zagayen sa ido kan sanƙarau. Kuma ku ji wannan da kyau: su ma da farko maganin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta suka bayar. Ke nan kuskuren farko ba na jahilci ba ne, ƙwararru ma ta nan suka fara. Bambancin shi ne, da suka ga magani bai yi aiki ba, sai suka tsaya. Suka ce ko dai ba wannan cutar ba ce? Suka fita daga ɗakin duba marasa lafiya suka shiga gidaje, suka ga turame da injina da ƙura. Aka ɗebi jinin wasu yara aka tura ɗakin gwaji a Jamus. Sakamako ya dawo: dalma ce, kuma da yawan da ba a saba gani ba.

A watan Mayu tawagar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta zo tare da jami'an lafiya na tarayya da na jiha, suka bi ƙauyuka biyu gida-gida: Dareta a Anka, da Yargalma a Bukkuyum. Abin da suka ƙirga ya isa ya hana mutum barci. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Mafi yawansu sun yi jijjiga kafin su cika. A ma'aunin da likitoci ke auna dalma a jini, a wancan lokacin in yaro ya kai 10 an shiga damuwa, in ya kai 45 sai an ba shi maganin fitar da ita. Cikin yaran da aka gwada, kashi 97 cikin ɗari sun kai 45 ko sun wuce. Na'urar hannun da aka zo da ita iyakarta 65, kuma jinin yara da yawa ya fi ƙarfinta. A ƙasar wasu gidajen an samu dalma ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali a Amurka iyakar da aka sa wa filin wasan yara a lokacin 400 ce. Jimilla, an ƙiyasta yara fiye da 400 ne suka rasu a farkon annobar.

Tambayar da ke cin raina ita ce: yaya aka yi yaro ɗaya cikin huɗu ya mutu a ƙauye, amma labari bai isa Gusau da wuri ba? Amsar ita ce ba ma rubuta mutuwa. Yaro ya rasu da hantsi, kafin azahar an rufe shi, an yi gaisuwa, an ce Allah ya sa mai ceto ne. Ba a rubuta a littafin asibiti ba, domin a gida ya cika. Da akwai wanda ke tara lissafin nan duk mako, ko dagaci ne ko ma'aikacin lafiya, da tun a yaro na goma an san ba lafiya ba. Akwai kuma tsoro. An ruwaito cewa wasu sun ɓoye mace-macen don kada hukuma ta hana haƙar da suke ci da ita. Ba na zagin su. Mutumin da ya ɗanɗani yunwa ya san abin da yake tsoro. Amma ɓoyon ya ci rayuka.

Da aka gano cutar, sai aka shiga mataki na biyu, kuma a nan akwai darasin da ya fi na farko wuyar haɗiya. Maganin dalma akwai shi, ana kiran sa DMSA, sha ake yi. Yana kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. MSF ta buɗe wuraren jinya a babban asibitin Bukkuyum da na Anka, aka riƙa kwantar da yara tare da iyayensu mata na makonni. Mace-mace suka ragu ƙwarai. Amma likitocin suka kafa sharaɗi: ba a mayar da yaro cikin gubar da aka ciro shi. In ya koma ya ci gaba da wasa a ƙasar nan, dalma za ta sake cika jininsa, kuma akwai fargabar maganin ma ya zama cutarwa in yaro na shan sa yana ci gaba da haɗiyar ƙurar.

Saboda haka sai an wanke gari kafin a wanke jini. Wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka haɗa kai da ma'aikatar muhalli ta jiha da matasan ƙauyukan. Da fartanya da shebur aka kankare saman ƙasar kowane gida, aka zuba a buhuna aka kai rami aka binne, aka kawo sabuwar ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. Sarakuna suka sa baki aka fitar da injinan daga cikin gari. An gama Dareta da Yargalma a tsakiyar 2010. Daga Oktoban 2010 zuwa Maris na 2011 aka yi Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru.

Saura Bagega. Ita ce mafi girma, kuma a can ne babbar matattarar injinan take. Aikinta ya fi ƙarfin kuɗin agaji, sai gwamnatin tarayya. Aka yi alkawarin naira miliyan 850. Shiru. Aka yi babban taro a Abuja a Mayun 2012, ministocin da ake jira ba su halarta ba. Duk wannan lokacin yara kimanin 1,500 suna zaune a Bagega da dalma a jini, likitoci suna Anka da magani a hannu, amma ba za su iya farawa ba.

Ku yi tunanin uba a Bagega da aka ce masa: mun san ciwon ɗanka, muna da maganinsa, amma ba za mu ba shi ba tukuna. Wallahi ko ni ne zan ji haushi. A wurinmu likitan kirki shi ne wanda ba ya bari ka fita hannu rabbana. Amma ƙin bayarwar nan shi ne kare majinyaci. Laifin ba na wanda ya riƙe magani ba ne, na wanda ya riƙe kuɗi ne.

Wa ya sa aka saki kuɗin? Matasa irinmu suna cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin. Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi suka kafa gangamin Follow The Money, wato bin sawun kuɗi, suka je Bagega suka ɗauko hotuna da muryoyin mutane, suka cika Twitter da Facebook da kiran a ceci Bagega. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch, wadda ta riga ta fitar da rahoto kan lamarin a 2012, ta mara musu baya. Aka yi ta rubutu a shafin Shugaba Goodluck Jonathan. A ƙarshen Janairun 2013 aka amince da sakin kuɗin. Aka fara kankare Bagega, likitoci suka fara jinya a Afrilu. Kusan shekara uku ke nan bayan an gano cutar. Shekara uku a rayuwar yaro ɗan shekara biyu, ai lokaci ne mai muhimmanci da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Abin da dalma ta lalata a ƙwaƙwalwa kuwa magani ba ya mayar da shi. Akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda suka shanye, akwai waɗanda ba a ga komai a jikinsu ba sai dai karatu ya gagare su. Yau samari da 'yammata ne, suna cikinmu.

Shin mun koyi darasi? A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, a su Shikira, yara 28 suka rasu. A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin dalma ga gwamnatin Zamfara bayan fiye da shekara goma sha ɗaya. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jiharmu a Afrilun 2019 saboda matsalar tsaro, ta kuma ɗage hanin a Disambar 2024. Zinare yau ya ninka farashinsa na 2010. Dutsen yana nan, talaucin yana nan, ya ma ƙaru. Sannan rashin tsaro ya kori ma'aikata daga asibitocin ƙauye da yawa, mutane sun dawo Anka da Gummi da Bukkuyum suna gudun hijira, kuma ga mafi yawanmu mai kemis shi ne likita, shi ne nas, shi ne ɗakin gwaji. In jijjigar nan ta dawo gobe, wa zai tsaya ya ce ko ba cizon sauro ba ne?

Kada ku ɗauka sai a garin masu zinare ake wannan kuskuren. A gidanmu ya faru. 'Yar yayata tun tana shekara ɗaya take zazzaɓi, hannu da ƙafa su kumbura, ta yi ta kuka. Duk lokacin da aka kai ta wani kemis, allurar maleriya ce kwana uku. An yi haka ya fi sau biyar, ba gwaji ko ɗaya. Sai da wata malamar asibiti ta dubi yatsunta ta ce wa yayata: «Hajiya, an taɓa gwada jinin yarinyar nan kuwa?» Ashe sikila ce. Alhamdu lillahi tana raye, tana makaranta. Amma ku dubi kamar da ke tsakaninta da yaran Dareta: magani ya ƙi aiki, maimakon a canja tambaya, sai aka ƙara allura.

Har kwallin da ake sa wa jarirai a ido yana cikin maganar. Tozalin dutse na gargajiya, da yawansa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar daga tozalin da ake sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin ɗarinsa dalma ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa.

To me za mu riƙe?

Iyaye, in an ba yaro magani kwana biyu zuwa uku ba sauƙi, ko jiki ya ƙara tsanani, ku koma ku faɗa, kada ku sake sayen irinsa. In jijjiga ce ko suma, kada a jira ko awa ɗaya. Ku nemi a yi gwaji kafin allura, na cizon sauro minti kaɗan ne. Ku tambayi sunan cutar da sunan maganin, ku adana kati da kwalin magani. Ku gaya wa likita sana'ar gidan ko bai tambaya ba: ana niƙa dutse, ana gyaran batir, an ba yaro jiƙo, an sa masa kwalli. Tambaya ba raini ba ce. Tun Yulin 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majinyaci, kuma samun bayani a harshen da kake ji yana ciki.

'Yan'uwanmu masu haƙa, ba wanda ya ce ku zauna da yunwa. Amma dutse kada ya shigo gida. A jiƙa shi da ruwa wajen niƙa don ƙura ta kwanta. A yi wanka a canja kaya kafin a ɗauki yaro. Turmin abinci daban.

Ma'aikatan lafiya, mun san kuna aiki ba wuta, ba kayan gwaji, wani lokaci da ranku a hannu. Roƙonmu shi ne, in yara biyu ko uku daga unguwa ɗaya suka zo da alama iri ɗaya kuma magani ya ƙi, ku rubuta, ku kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Shugabanni kuma kada su hukunta wanda ya kawo rahoton kuskure, domin ranar da aka hukunta shi ita ce ranar ƙarshe da wani zai faɗi gaskiya.

Mu kuma matasa, aikinmu tambaya ce, kuma ga ta a fili: tun da aka miƙa aikin dalma ga jiha, shin na'urar gwajin tana aiki a asibitin Anka da na Bukkuyum? Akwai maganin a ajiye? Akwai ma'aikaci a Gummi da aka horar ya gane alamun? Mu je cikin ladabi mu tambayi shugabannin asibitocin da 'yan majalisarmu, mu rubuta amsar da kwanan wata. Mutanen Bagega sun ga abin da irin wannan naci ya haifar.

Na san wani zai ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara, kuma ba wanda zai wuce ranarsa. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa yarda da ƙaddara ba ta ɗauke wa mutum bin sababi ba, kuma amanar da aka ba ka za a tambaye ka ita. Bayan an kankare ƙasa an ba da maganin da ya dace, yaran Dareta sun daina mutuwa kamar da. Wannan ma cikin ƙaddarar Allah ne, ta hannun mutanen da suka tsaya suka sake tambaya.

Allah ya jiƙan yaran da muka rasa, ya ba iyayensu haƙuri, ya ba waɗanda suka rayu da raunin sauƙi. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.